Bayan Nijar, Mali da Burkina Faso sun bar ECOWAS: tambayoyin da ake yi mana a Ikko

Ni ke riƙe da littafin lissafi a wata rumfar albasa a Mile 12. Aikina in rubuta buhu nawa aka sauke, nawa aka ɗauka bashi, wa ya biya, wa ya kashe waya. Da yake an saba ganina da rediyo a kunne, duk wanda maganar ECOWAS, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ɗaure wa kai sai a turo shi wurina, daga direban tirela har mai garuwa. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na ga gara in tara su wuri guda. 'Yan'uwanmu na Nijar Sedeyawo suke ce wa ƙungiyar, mu mu ce ECOWAS. Abu ɗaya ne.

Wai sun fita ɗin da gaske, ko har yanzu cika baki ne?

Sun fita. Ranar 28 ga Janairun 2024 gwamnatocin soja na ƙasashen uku suka karanta sanarwa ɗaya a gidajen talabijin ɗinsu cewa sun fice nan take. Amma yarjejeniyar ƙungiyar, wadda aka sabunta a Kwatano a 1993, ta ce mai son fita sai ya ba da sanarwar shekara guda, don haka a takarda ficewar ta tabbata ne ranar 29 ga Janairun 2025. An ƙara musu wata shida ko za su sake shawara, aka kuma ɗora wa shugaban Senegal Bassirou Diomaye Faye da na Togo Faure Gnassingbé aikin lallashi. Ko waiwayowa ba su yi ba. Dama sun riga sun kafa tasu, AES, wato ƙawancen ƙasashen Sahel, wadda ta faro a matsayin ƙawancen tsaro a Satumbar 2023, ta zama tarayya a taron Yamai na 6 ga Yulin 2024. ECOWAS mai ƙasashe 15 ta koma 12.

Mu da ke Ikko me ya yi mana zafi? Ai iyakar Nijar tana can nesa.

A nan garin aka haifi ƙungiyar. Ranar 28 ga Mayun 1975 aka sa hannu a kan yarjejeniyar kafa ta a Ikko, lokacin nan ce fadar gwamnati. Janar Yakubu Gowon da Janar Gnassingbé Eyadéma na Togo ne suka yi ta yawon tallata ta, Nijar kuma tana hannun Seyni Kountché, shi ma kaki ne a jikinsa. Sojoji suka ɗaura auren, sojoji suka kashe shi bayan kusan shekara hamsin, kuma Allah ya ja zamanin Gowon ya ga duka biyun.

To ajiye tarihi, ka zaga Agege da Idi-Araba da Alaba Rago da Obalende. Mai garuwa, mai gadi, mai wankin takalmi, mai shayi, ɗan canji, da yawansu 'yan Tawa ne da Maraɗi da Damagaram da Dosso. Mutanen gari duk aboki suke ce mana, ba su san wa ke da katin Najeriya ba, wa ba shi da shi. Raguna a kasuwar Kara, shanu a mayankar Oko-Oba, wake, dabino, kanwa, albasa 'yar Galmi, wani kaso daga can yake gangarowa. Motocin da suka kawo su kuma ba sa komawa wayam: robobi, taliya, sabulu, man shafawa, takalma, goro. Iyakar tana nesa, amma littafina cike yake da sunayen mutanen bayanta.

Tsadar albasa da raguna fa, ba ficewar ce ta jawo ba?

Nan ne aka fi cakuɗa magana. Abu uku ne suka faru a jere, kowanne da nasa ciwon: juyin mulki, takunkumi, sannan ficewa. Wanda ya fi cin dukiyar 'yan kasuwa shi ne na tsakiya, kuma a lokacin Nijar tana cikin ƙungiyar tsundum.

An hamɓarar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023. Bayan kwana huɗu shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja suka ce a rufe iyaka, a tsayar da hada-hadar kuɗi. Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar, har aka fara maganar tura sojoji. A makon ne motar wani abokin cinikinmu, dattijo ɗan wajen Galmi, ta maƙale a Ƙonni cike da albasa. Ga damina, albasa kuwa ba ta jira. Ya kira ni da dare, na ce, "Baba, ku ƙara haƙuri, kwana biyu za a buɗe." Ya ce, "Yaro, na ga rufewar Buhari ta fari, na ga ta biyu. Kwana biyun gwamnati ba irin namu ba ne." Ƙarshenta a kan babura aka riƙa tsallako da ita ta daji, buhu bibbiyu, aka sake loda ta a wata motar a wannan gefen. Da ta iso mana, zazzage buhunan muka yi a ƙasa, yara na tsince mai kyau, ruwan ruɓaɓɓiyar na gangarawa lambatu, ƙudaje kamar an kira su. Abin da na rubuta a littafi bai kai rabin abin da ya loda ba, ga kuɗin babur, ga na masu tsayuwa a hanya. Tun daga nan bai sake aiko mana da kaya ba.

Maganar dattijon tana da tushe. Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu a 1984, ta sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, duk tana cikin ECOWAS, hedikwatar ƙungiyar ma a Najeriya take. Zaman ƙungiya bai taɓa hana mai ƙarfi rufe ƙofarsa ba. Takunkumin kan Nijar kuwa an cire shi ranar 24 ga Fabrairun 2024, wato bayan sanarwar ficewar, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris.

Abin da za a iya jingina wa ficewar shi ne irin matakan da suka biyo baya. A Oktobar 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina. A Mayun 2025, ana gab da babbar salla, ta hana fitar da dabbobi. Da can akwai teburin da za a kai ƙorafi, ko da ba a cika jin amsa ba. Yanzu sai dai minista ya je ya roƙi minista. Amma kada a manta da faɗuwar naira, da cire tallafin mai, da kuɗin dizal daga Sakkwato zuwa nan, da shingayen da ba sa ƙirguwa. A ganina, cikin kuɗin ragon da ka saya a Kara, kason dizal ya fi kason siyasa.

Ɗan Nijar da ke zaune a nan, sai ya nemi biza ke nan?

A'a. Ranar da ficewar ta tabbata, ECOWAS ta umarci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarin ƙungiyar daga 'yan ƙasashen uku, su bar su su shiga, su zauna, su yi sana'a kamar yadda ƙa'idar zirga-zirga ta 1979 ta tanada, wadda ta ba kowa kwana 90 ba biza. AES ma tun Disambar 2024 ta ce 'yan ECOWAS su shigo ba biza, sai dai ta riƙe ikon mayar da duk wanda ba ta so. Ta kuma fito da nata fasfon, na da kuwa yana aiki har wa'adinsa ya cika.

Sai dai a lura da wutsiyar sanarwar ECOWAS ɗin: "har sai an ji sabon bayani." Abin da ya kasance haƙƙi ya koma alfarma, alfarma kuwa mai yin ta yana iya fasawa da safe. Dattawan Agege ba su manta da 1983 ba, lokacin da gwamnatin Shagari ta kori baƙi fiye da miliyan ɗaya, akasarinsu 'yan Ghana, amma 'yan Nijar ma ba su tsira ba. Yawancin yaranmu 'yan ci-rani ko katin ɗan ƙasa ba sa yawo da shi. Wanda yake da hali ya yi takarda tun ana zaman lafiya.

Kaya fa? An fara cin haraji a kan kayan Najeriya?

A ɓangaren ECOWAS, umarnin shi ne a ci gaba da ɗaukar kayan ƙasashen uku kamar na gida, ƙarƙashin tsarin nan da ake kira ETLS. Shi ne ke ba masana'anta a Ikeja damar yin rajistar kayanta, ta karɓi takardar shaidar cewa a yankin aka ƙera su, su shiga Yamai ba harajin kwastan. Dabbobi da amfanin gona ma ba a neman musu wannan takardar.

A Maris ɗin 2025 AES ta sa harajin kashi 0.5 cikin 100 a kan kayan da ke shigowa daga waje, kobo hamsin a kowace naira ɗari. Daidai yake da abin da ECOWAS ke karɓa a kan kayan ƙasashen ƙetare don tafiyar da ayyukanta. Wato kuɗin da ke zuwa Abuja a da, yanzu asusun AES yake shiga. Bai kai abin da direba ke rabawa a shingaye ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙasashen uku ba su bar ɗayar ƙungiyar ba, UEMOA, ta ƙasashe 8 masu kashe sefa. Tsakaninsu da Senegal, Kwaddebuwa, Togo da Benin akwai wata rumfar da ke tsaye ko da ta ECOWAS ta faɗi. Najeriya da Ghana ba sa cikin wannan rumfa. Idan wata rana aka daina alfarmar, mai masana'antar Ikeja zai riga na Abijan jin rana a ka, kuma duk da girman Najeriya ita ce za ta nemi a zauna.

Za su bar sefa su buga nasu kuɗin?

An sha faɗa, amma har yanzu sefa suke kashewa, babban bankinta yana Dakar, kuma a ɗaure take da kuɗin Turai: yuro ɗaya, sefa 655.957. 'Yan canjinmu sun fi kowa sanin amfanin wannan ɗaurin, don a shekarun nan da naira ke zamewa, mai ajiyar sefa barci yake yi da minshari. Korar soja baƙo ya fi sauya kuɗi sauƙi.

Idan ƙasa ta bar ƙungiya, yarjejeniyoyin ciniki da ƙungiyar ta ƙulla da manyan ƙasashe me ke samunsu?

Ya danganta da sunan wa ke kan takardar. Idan ƙungiya ce ta ƙulla a madadin kowa, mai fita ya fita da hannu biyu. Haka ya faru da Birtaniya: bayan ta bar Tarayyar Turai, da wa'adin riƙon ƙwarya ya ƙare a ƙarshen 2020, yarjejeniyoyin Tarayyar da sauran duniya suka daina rufe ta, sai da ta bi ƙasashe wajen 70 tana sake sa hannu, yawanci kwafin tsohuwar takardar ce aka canza suna.

A nan yankin abin bai kai haka ba, don ECOWAS ba ta da irin waɗannan da yawa. Babbar da aka tattauna da Tarayyar Turai aka kammala a 2014 ba ta fara aiki ba, saboda Najeriya ta ƙi sa hannu, tana tsoron kayan Turai su kashe mata masana'antu. Ghana da Kwaddebuwa suka yi nasu na wucin gadi. Nijar, Mali da Burkina kuwa suna cikin jerin ƙasashe mafiya ƙarancin ci gaba, don haka kayansu na shiga Turai ba haraji, ban da makamai, kuma wannan ba ruwansa da ECOWAS. Gatan AGOA na shiga kasuwar Amurka sun rasa shi, Mali a 2022, Burkina a 2023, Nijar a 2024, amma juyin mulki ne sanadi.

Abin lura a labarin 2014 shi ne, ƙin da Najeriya ta yi ya tsayar da maganar ga kowa. Ƙaramar ƙasa da ba ta iya ce wa Turai a'a ta samu inuwar da za ta fake. Wannan inuwar ba ta cikin kowace takarda, kuma ita ce abu na farko da mai fita ke rasawa.

Tunda ka ambaci Ingila, ita ta ci riba?

Ƙuri'ar raba gardama kan fita daga Tarayyar Turai ta 23 ga Yunin 2016 kashi 52 da 48 ce, kuma sai 31 ga Janairun 2020 suka fita. Babban alkawarin da aka yi wa jama'a shi ne za su yi ciniki da duniya yadda suka ga dama. Sun ƙulla da Ostireliya da Niyu Zilan, sun shiga ƙungiyar ciniki ta ƙasashen tekun Pasifik a 2024, sun sa hannu da Indiya a 2025, har Najeriya sun yi wata yarjejeniyar ciniki da zuba jari da ita a Fabrairun 2024. Amma Turai ce maƙwabciya, ita ce babbar abokiyar ciniki, kuma duk da babu haraji tsakaninsu, takardu da bincike sun dawo. Ofishin gwamnatin Birtaniya mai hasashen kasafin kuɗi ya ƙiyasta cewa a ƙarshe tattalin arzikin zai gaza da kusan kashi 4 cikin 100 bisa ga da ba a fita ba. Obama kuma ya gaya musu tun kafin ƙuri'ar cewa wajen ciniki da Amurka ƙarshen layi za su koma.

Abin da ya fi ba su wuya iyakar Ayalan ce, inda jama'a ɗaya ke zaune gefe biyu, kamar Katsina da Maraɗi. Sai 2023 aka samu daidaito a kanta.

Mu ma ya taɓa mu ta wata fuska. Da ma'aikatan Turai suka ragu, sai Birtaniya ta buɗe ƙofa ga masu kula da tsofaffi da ɗalibai daga irin su Najeriya, abin da 'yan Ikko ke kira japa. A 2024 ta sake tsuke ta, ta hana yawancinsu tafiya da iyali.

Ficewar ce ta kori Faransa da Amurka?

Duba kwanakin. Sojojin Faransa sun bar Mali a Agustan 2022, Burkina a Fabrairun 2023, Nijar a Disambar 2023, duk kafin sanarwar. Amurka ce ta biyo baya: Nijar ta soke yarjejeniyar soja a Maris ɗin 2024, aka bar sansanin jirage marasa matuƙi na Agadas a Agusta, wanda ya ci fiye da dala miliyan 100. Korar da ficewar 'ya'yan fushi ɗaya ne. Sojojin sun zargi ECOWAS da zama 'yar amshin shatan ƙasashen waje, kuma barazanar yaƙin 2023 ta sa talakawa da yawa, har a arewacin Najeriya, suka yarda da zargin.

Abin da ficewar ta canza shi ne wa ake tambaya. Da, in aka yi juyin mulki, Turai da Amurka da Tarayyar Afirka sukan saurari ECOWAS, ita ke tsara jadawalin zaɓe, su kuma su ɗaura tallafinsu a kai. Yanzu babu mai riƙe da jadawalin. Kyaftin Ibrahim Traoré na Burkina ya ƙara wa kansa shekara biyar a 2024, Janar Tchiani na Nijar da Janar Goïta na Mali suka yi haka a 2025. Duk ƙasar da ke da buƙata kai tsaye take zuwa Yamai ko Bamako ko Wagadugu, kowa da nasa cinikin.

To ai wannan shi ne 'yanci. Su zaɓi abokan da suke so, ba riba ba ce?

Riba ce, kuma ba na raina ta. Wanda ya san yadda aka shekara fiye da hamsin ana haƙar yuraniyom a Arlit, ƙauyukan ƙasar na kwana a duhu, ba zai yi mamakin murnar mutane ba. Nijar ta ƙwace lasisin mahaƙar Imouraren daga kamfanin Orano na Faransa a Yunin 2024, ta mayar da Somaïr, kamfanin da ke haƙar yuraniyom a Arlit, mallakar ƙasa a Yunin 2025. Mali ta sake dokar ma'adinai a 2023, ta ɗaga kason gida har zuwa kashi 35. Sun sayi jirage marasa matuƙi daga Turkiyya, sun kawo masu horarwa daga Rasha, sun fice daga ƙungiyar masu magana da Faransanci. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, abin da ya sa har a rumfarmu aka yi shewa.

Amma mu 'yan kasuwa mun san cewa ikon zaɓar mai saye daban, ikon cewa "albarka" daban. Mai albasar da ta fara ruwa yana iya zaɓar wanda zai sayar wa, amma duk yadda aka taya sai ya sallama. A Afrilun 2024, aljihu ya bushe bayan takunkumi, Nijar ta karɓi dala miliyan 400 daga kamfanin mai na Sin, CNPC, a kan za ta biya da ɗanyen mai cikin shekara guda da ruwan kashi 7. Ba a cika shekara ba ta kori wasu shugabannin kamfanonin man 'yan Sin uku. Yuraniyom ɗin ma ya taru a Arlit tun kafin a ƙwace kamfanin, saboda hanyar Kwatano a rufe take. Bututun man da ya taso daga Agadem, kusan kilomita 2,000, a gaɓar tekun Benin yake ƙarewa, kuma a Mayun 2024 da rikici ya yi tsami Benin ta hana loda man, sai da 'yan Sin suka shiga tsakani. Ka ga baƙo daga nesa yana sasanta maƙwabta biyu da kogi ɗaya ya raba.

Sabon aboki kuma da rigingimunsa yake zuwa. Mali da Nijar sun yanke hulɗa da Yukiren a Agustan 2024, yaƙin da ba nasu ba. A Afrilun 2025 Aljeriya ta harbo jirgin Mali maras matuƙi, ƙasashen uku suka janye jakadunsu tare, alhali Nijar tana da maganar bututun gas da Aljeriya. Sun bar wata ƙungiya don kada a yanke musu hukunci, sun shiga wata inda faɗan ɗaya ke zama na uku.

Ba su da teku. Ta ina kayansu ke shiga, kuma tashar jiragen ruwa ta Apapa ba za ta samu wani abu ba?

Nijar ta bar gadar Gaya da Malanbil a rufe ko bayan an cire takunkumi, tana zargin Benin da ba Faransa masauki. Mutane da ƙananan kaya a kwalekwale suke tsallakawa. Manyan kaya sun koma Lome, su hau zuwa Wagadugu, su bi ta Kaya da Dori da Tera da rakiyar sojoji, a yi kwanaki ana jiran ayari ya cika. Togo ce ta ci moriyar wannan rikici, har ministan harkokin wajenta ya taɓa cewa ba abin mamaki ba ne su shiga AES. Maroko ta yi musu tayin hanya zuwa tekun Atlantika a 2023, amma ka buɗe taswira ka ga hamadar da ke tsakani.

A lissafi Maraɗi da Damagaram ya kamata su zama abokan cinikin Apapa da sabuwar tashar Lekki. A zahiri shekara da shekaru akasin haka ake yi: motoci da shinkafa su sauka a Kwatano, su zaga ta Nijar, su shigo Najeriya ta baya, don gudun tsada da jinkirin tasharmu. Ana gina layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, amma sabon layin da ya tashi daga Ikko a Ibadan ya tsaya. Damar tana nan a ajiye, mu ne ba mu shirya ba.

ECOWAS da Najeriya sun yi asara?

Sun yi. Ƙasashen uku sun tafi da fiye da rabin faɗin ƙasar ƙungiyar da mutum sama da miliyan 70, ko da yake kasonsu a tattalin arziki ƙarami ne. Nauyin Najeriya a idon duniya wani ɓangarensa daga nan yake fitowa, cewa ita ce babbar yayar yankin, ita ta tura dakarun ECOMOG Laberiya da Saliyo. An yi barazanar yaƙi ba a yi ba, an sa takunkumi an cire ba tare da an saki Bazoum ba. Manyan ƙasashe sun gani, sun rubuta.

Ta fuskar tsaro abin ya fi ciwo. A Disambar 2024 Tchiani ya fito da Hausa tsantsa ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa, Abuja ta musanta. A Maris ɗin 2025 Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi. 'Yan bindigar da ke yawo tsakanin Sakkwato da Tawa ba sa nuna fasfo ga kowa. Dole ta sa ministan harkokin waje Yusuf Tuggar ya je Yamai a Afrilu, aka koma ga hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa tun 1971, kafin a san da ECOWAS.

Akwai kuma asarar da ba a cika faɗa ba, ta talakan can. A 2008 kotun ECOWAS ta yanke wa gwamnatin Nijar hukunci saboda ta kasa kare Hadijatou Mani daga bauta, ta ce a biya ta sefa miliyan 10. Mace ce 'yar ƙauye da aka sayar tana yarinya. Irinta ta yau ba ta da wannan ƙofar.

Akwai wanda ya taɓa fita ya dawo?

Muritaniya ta bar ECOWAS a 2000, ta ce ta fi kusa da Larabawan arewa. A 2017 ta dawo ta sa hannu a kan yarjejeniyar ƙawance, ba cikakkiyar mamba ba, amma ciniki ya samu hanya. Maroko ta bar ƙungiyar haɗin kan Afirka a 1984 saboda Yammacin Sahara, ta shekara 33 a waje, ta dawo a 2017 da ta gane ana yanke maganarta ba ta wurin. Mafi muni ita ce ta gabashin Afirka: ƙungiyarsu ta rushe a 1977, iyakar Kenya da Tanzaniya ta zauna a rufe har 1983.

Tawa fahimtar ita ce hanyar Muritaniya aka nufa. A Mayun 2025 shugaban hukumar ECOWAS Omar Alieu Touray ya zauna da ministocin AES a Bamako, kuma ba maganar dawowa aka yi ba, maganar yadda za a zauna bayan rabuwa ce.

Ina da kaya zan aika Maraɗi wannan watan. Me zan yi?

Alhaji, ka aika, hanya na tafiya. Amma kafin ka loda, ka kira mutuminka na Jibiya ko Illela ka ji abin da duwan, wato kwastan ɗin can, da jandarma ke nema a makon nan, don umarni yakan sauya kafin labarinsa ya iso Ikko. Direba ya riƙe fasfo ko katin shaida mai rai, da katin rigakafin shawara, da takardun mota da na inshora cikakku. In kayan masana'anta ne, a haɗa da takardar shaidar inda aka ƙera su. Ka tambaya tun daga nan ko abin da kake son motar ta dawo da shi yana cikin waɗanda aka hana fitarwa, kada ka sayi gero ko raguna su kwana a hannunka. Kayan da ke ruɓewa kada ka zuba su duka a mota ɗaya. Ku kuma yanke tun farko da wane kuɗi za a biya, naira ko sefa, da farashin wace rana, a rubuta, kowa ya riƙe nasa kwafin a waya.